Tarihin Sana'ar Koyar da Zamiya a Duwatsun Ƙanƙara

Wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda Turawa ke kira siki, shi ne mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya gangaro daga kan dutse ko ya ratsa fili a kansu. Su allunan sun shekara dubbai a duniya. Sabon abu shi ne ɗan birni ya biya kuɗi ya tafi hutu cikin duwatsu a tsakiyar hunturu, a haɗa shi da malami ya koya masa tsayuwa da birki da shan kwana cikin mako guda. Wannan al'ada da sana'ar da ta haifar ba su wuce shekara 120 da kafuwa sosai ba, kuma sun yi ƙarfi ne a ƙauyukan duwatsun Alps na Ostiriya da Suwizalan da Faransa.

Alluna kafin wasa

Mafi tsufan guntayen alluna da aka tono an same su ne a Vis, a arewacin Rasha, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsu wajen 8,000. A 1924 an sami wasu cikin fadama a Kalvträsk ta ƙasar Suwidin, masu shekara fiye da 5,000. Larura ce ta kawo su. Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta ɗaukar nauyin mutum. Mai tafiya a ƙasa yakan nutse har gwiwa ko ƙugu, ya galabaita tun bai yi nisa ba. Dogon allo kuwa yana rarraba nauyin, sai mutum ya tsaya a sama. Da shi mafarauta ke bin sawun nama, da shi makiyayan ƙabilar Sami ke bin garkunansu a can ƙurewar arewa. A duwatsun Altai na tsakiyar Asiya har yanzu akwai masu lulluɓe ƙasan allon da fatar ƙafar doki. Gashin yana kwance ta baya, don haka allon na sulalewa gaba, in kuma aka zo hawa gashin ya miƙe ya hana shi komawa baya.

Tarihin Norwe ya nuna cewa a 1206, lokacin yaƙin basasa, mayaƙa biyu sun tsallake duwatsu a kan alluna ɗauke da jariri ɗan sarki, Haakon Haakonsson, don tserar da shi daga abokan gaba. Tun 1932 ake yin tsere don tunawa da wannan tafiya; a yau tsawonsa kilomita 54 ne, kowane ɗan tsere da jaka mai nauyin kilo 3.5 a bayansa a madadin jaririn. A ƙarni na 18 rundunar Norwe na da rukunonin soja masu tafiya a kan alluna. Duk tsawon wannan zamani, in ban da a bariki, babu makaranta babu malami. Yaro na tashi ya ga ubansa a kan alluna, ya ɗaura nasa, ya faɗi ya tashi har ya iya.

Telemark da tafiyar Nansen

Yankin Telemark na kudancin Norwe ne ya mai da abin wasa. Wani talakan manomi na ƙauyen Morgedal, Sondre Norheim (1825 zuwa 1897), ya yi amfani da maɗauri na murɗaɗɗiyar saiwar itace wanda ke zagaye dunduniya, ya kuma sassaƙa allon ya tsuke a tsakiya. Da waɗannan gyare-gyare biyu mutum na iya tsalle ya sauka allon bai suɓuce ba, yana kuma iya karkata shi yadda yake so. A 1868 Norheim ya ci gasa a babban birni, Christiania, wato Oslo ta yau, kuma 'yan birni suka ga abin da ba su taɓa gani ba. A 1881 wasu 'yan uwa biyu daga Morgedal, Mikkel da Torjus Hemmestveit, suka buɗe wurin koyarwa a birnin, wanda ake yawan lissafa shi a matsayin makarantar zamiya ta farko.

Wanda ya fitar da labarin waje shi ne Fridtjof Nansen. A 1888 shi da mutum biyar, biyu daga cikinsu 'yan Sami, suka ratsa tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma a kan alluna. Littafin da ya fitar a 1890 an juya shi zuwa Jamusanci da Ingilishi, kuma a cikinsa ya yi dogon bayani a kan alluna da yadda ake tafiya da su. Likitoci da hafsoshi da ɗalibai a Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka dinga aikawa Norwe a sayo musu alluna. Kaya suka iso, amma babu mai nuna yadda ake yi.

Hunturu a ƙauyukan Alps

A wancan lokaci hunturu shi ne mataccen lokaci a ƙauyukan Alps. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙanƙara na rufe gonaki da makiyaya, wani lokaci har da hanyoyi. Shanu na cikin ɗaki suna cin ciyawar da aka yanka da bazara, kuma abin da ke rumbu ba ya isar kowa da kowa. Maganin da mutanen suka samo mutumin Kurfai ta Nijar ya san shi sarai, domin shi ne cin rani: yadda samarin Filinge da Shikal ke ɗaukar hanyar Legas ko Kumasi ko Abijan bayan an gama girbin hatsi, su dawo kafin faɗuwar damina, haka mazan Alps ke sauka daga duwatsu da kaka su dawo da narkewar ƙanƙara. Yaran Savoie na zuwa Paris da Lyon sharar bututun hayaƙi na gidaje. Na Ticino na zuwa Milan irin wannan aiki. Mazan Oisans na ɗaukar kayan koli a baya suna bi gari-gari, wasu kuma daga yankin Briançon na haya da kansu su koyar da yara karatu a ƙauyukan ƙasa-ƙasa.

Baƙi masu yawon buɗe ido, galibinsu 'yan Ingila, da bazara suke zuwa hawan duwatsu, in sanyi ya kama otal-otal su rufe. Farkon sauyi ya zo ta hanyar jinya. Daga shekarun 1860 likita Alexander Spengler ya riƙa kawo masu tarin fuka Davos, bisa imanin cewa busasshiyar iskar dutse na yi musu magani. A St. Moritz kuma mai otal Johannes Badrutt ya shawo kan wasu baƙinsa 'yan Ingila suka zo suka yi hunturun 1864 a wurinsa. Baƙon da ya zauna wata uku cikin dutse dole ya nemi abin yi. A 1894 marubucin nan Arthur Conan Doyle, wanda ya kawo matarsa jinya Davos, ya tsallake dutse zuwa Arosa a kan alluna tare da wasu 'yan uwa biyu 'yan garin, ya kuma rubuta labarin a wata mujallar Ingila. Kamfanin Henry Lunn ya bi baya yana shirya wa masu kuɗin Ingila hutun hunturu a dunƙule, kuɗin jirgi da masauki gaba ɗaya.

Zdarsky da Schneider

Matsalar ita ce salon Norwe an yi shi ne don ƙasa mai tudu da kwari marasa tsanani. Gangaren Alps a tsaye suke, kuma wanda bai iya rage gudu ba sai dai ya jefar da kansa ƙasa. Mathias Zdarsky, wani mai zane da ke zaune shi kaɗai kusa da Lilienfeld a Ostiriya, ya karanta littafin Nansen, ya sayi alluna, ya shekara da shekaru yana gwaji. Ya rage musu tsawo, ya ƙera maɗaurin ƙarfe mai hana dunduniya gocewa gefe, ya kuma tsara yadda ake shan kwana a gangara mai tsanani da taimakon doguwar sanda guda ɗaya. Ya buga littafin koyarwarsa a 1896, ya koyar da dubban mutane ba tare da karɓar ko sisi ba, har da sojoji. A watan Maris 1905 ya shirya gasar bi ta tsakanin ƙofofi a dutsen Muckenkogel.

Zdarsky ya nuna cewa abin na koyuwa daki-daki. Wanda ya mai da shi sana'a kuwa shi ne Hannes Schneider, ɗan ƙauyen Stuben a yankin Arlberg, wanda aka haifa a 1890. Yana ɗan shekara 17, a 1907, otal ɗin Post na St. Anton ya ɗauke shi ya riƙa koya wa baƙi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa shi horar da sojojin Ostiriya, inda dole a mai da ƙato wanda bai taɓa taka allo ba ya zama mai iya gangarowa cikin 'yan makonni. Da wannan horo na bariki ya dawo gida ya kafa makarantarsa mai zaman kanta a farkon shekarun 1920.

Tsarin nasa, wanda aka sani da salon Arlberg, matakala ce, kuma har yau ƙasanta bai sauya ba. Ɗan koyo na farawa a fili shimfiɗaɗɗe, ya saba da nauyin alluna, ya koyi juyawa ba tare da ya harɗe su ba. Sai hawa: ya ba gangara gefe, ya taka a kaikaice ƙafa bayan ƙafa. Sai tashi bayan faɗuwa: ya tattara allunan biyu ta ƙasan jikinsa, ya gicciya su ga gangarar don kada su gudu, sannan ya dogara da sanda ya miƙe. Bayan nan ne ake koya masa tsayuwar garma, wadda ita ce birkinsa na farko: ya haɗa kawunan allunan a gaba, ya ware bayansu, ya ɗan durƙusa gwiwoyi na kallon juna, ta yadda bakin allunan na ciki ke kartar ƙanƙara. Ƙara warewa na rage gudu, matsewa na ƙara shi. Daga nan kwana ke fitowa, domin in ya ɗora nauyinsa a kan allon dama sai ya karkata hagu, in ya ɗora a na hagu ya karkata dama. A hankali ake rage warewar har allunan biyu su koma tafiya a jere.

Wurin da kusan kowa ke tuntuɓe ɗaya ne. Tsoro na sa mutum ya ja jikinsa baya, ya nisanci gangara. Da ya yi haka nauyi ya bar kawunan allunan, su kuwa su tsere daga ƙarƙashinsa, ya zauna daɓas. Shi ya sa Schneider ya nace a kan durƙuso da karkata gaba, kuma babban aikin malami a kwanakin farko shi ne ya sa baligi ya yarda ya miƙa ƙirjinsa wajen abin da yake tsoro.

Gudummawar Schneider ta biyu ta shafi tsari. Ya raba baƙi aji-aji gwargwadon iyawarsu, ba ruwansa da muƙami ko dukiya, kuma ba a ciyar da kowa gaba sai ya ƙware a matakin da yake. Ya horar da samarin ƙauye suka zama malamai, kowa na koyar da abu ɗaya ta hanya ɗaya, don baƙon da ya tsaya a aji na uku bana ya ɗora daga nan baɗi a hannun kowane malami. Finafinan da Arnold Fanck ya yi da shi tsakanin 1920 da 1931 sun kai sunan St. Anton ko'ina, a 1930 har Japan aka gayyace shi koyarwa. Bayan da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938 'yan Nazi suka tsare shi. Wani ɗan banki Ba'amurke, Harvey Gibson, ya sa baki aka sake shi, ya isa North Conway ta Amurka a 1939, ya ci gaba da koyarwa har mutuwarsa a 1955. Kafin nan sana'ar ta riga ta tsaya da ƙafarta, har ta kai a gasar Olamfik ta 1936 a Garmisch-Partenkirchen an hana malaman zamiya shiga bisa hujjar cewa da wasan suke ci, abin da ya sa mazan Ostiriya da Suwizalan suka ƙaurace wa tseren gangara.

Injin hawa

Kafin shekarun 1930, kusan duk wanda zai gangaro sai ya hau da ƙafarsa. Ɗan koyo na kashe mafi yawan yininsa yana haki a hawa don gangarowar da ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba. Tun 1908 Robert Winterhalder ya gwada igiyar ja mai aiki da ƙarfin ruwa a Schollach ta Jamus. A Disamba 1934 injiniya Ernst Constam ya kafa injin ja mai ƙugiya a gangarar Bolgen ta Davos, tsawonsa mita 270 kacal, kuma gangara ce ta 'yan koyo. A 1936 kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya kafa kujerun hawa na farko a Sun Valley ta Amurka. Injiniya James Curran ya ɗauko dabarar ne daga na'urar loda ayaba a jirgin ruwa. Da yake maimaici ne ke kawo iyawa, injin hawa ya ninka yawan gangarowar da ɗalibi ke yi a yini sau da dama. Shi ne ya sa mako guda ya isa a koyi abin da a da ke cin hunturu sukutum.

Tsarin Faransa

A Faransa soja ne ya fara. A 1904 aka buɗe makarantar zamiya ta soja a Briançon, kuma samarin da suka gama aikin soja suka koma ƙauyukansu da iyawar. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix. Har tsakiyar shekarun 1930 malamai 'yan Ostiriya ne ke cin kasuwar wurare irin su Megève. Émile Allais, ɗan Megève, ya ci lambobin zinariya uku a gasar duniya ta 1937, a shekarar kuma shi da Paul Gignoux suka fitar da salon Faransa, wanda ke gaggauta kai ɗalibi ga tafiya da alluna a jere. A 1945 malamai suka haɗu a ƙungiya ɗaya, Makarantar Zamiya ta Faransa, ESF a taƙaice, masu jan riga. A yau tana da malamai wajen 17,000, kuma samun takardar shaida na bi ta makarantar gwamnati da ke Chamonix, bayan jarrabawar gudu mai wuya.

Gwamnati ta shiga da ƙarfinta don tsayar da ƙaurar mutanen duwatsu. A 1946 aka fara gina Courchevel a makiyayar da babu gari. Tsakanin 1964 da 1977, a ƙarƙashin shirin da aka kira shirin dusar ƙanƙara, aka bunƙasa sababbin garuruwan hutu irin su La Plagne da Avoriaz da Les Arcs da Flaine da Val Thorens, wadda ke mita 2,300 sama da teku. Tun 1953 kuma aka fara kai 'yan firamare duwatsu ajinsu guda, karatu da safe zamiya da yamma. Makarantar garin Vanves kusa da Paris ce ta fara. Hanyar cin rani ta juya ke nan. Ɗan manomi ya zauna gida yana koyarwa da hunturu, da bazara ya koma kiwo ko kafinta, samarin birni kuwa su ne ke hawowa neman aikin wata huɗu a otal da shagon haya.

Daga nan ne hutun ya ɗauki siffar da yake da ita yanzu. Ana kama ɗaki daga Asabar zuwa Asabar. Baƙo ya yi hayar alluna da takalma da hular kwano, ya sayi katin hawa, ya shiga aji na awa biyu zuwa uku kullum. Ranar Juma'a a yi gwaji, yara su karɓi lambobi masu hawa-hawa, daga ta ɗan beyar zuwa taurari uku. Hanyoyin gangara an yi musu launi: kore ta ɗan koyo, shuɗiya mai sauƙi, ja mai wuya, baƙa ta gwanaye.

Kayan aiki ma sun sauƙaƙa koyo. A da maɗauri ba ya sakin ƙafa, don haka karayar ƙauri ta yi yawa. Hjalmar Hvam, bayan shi kansa ya karye a 1937, ya ƙera maɗauri mai saki in ƙafa ta murɗe, kamfanonin Look da Marker suka inganta shi a farkon shekarun 1950. Takalmin roba mai tauri ya maye gurbin na fata a shekarun 1960. A Les Arcs an yi suna da fara wa ɗalibi da gajerun alluna, a riƙa ƙara tsawo yana ƙara iyawa. A shekarun 1990 aka fito da alluna gajeru masu faɗin kai da tsukakken ƙugu, waɗanda ke shan kwana da kansu da zarar an karkata su. Raunin da ya fi yawa yanzu ya koma jijiyar gwiwa.

Afirka da wasan

Mutanen Afirka ta Yamma da yawa a fagen yaƙi suka fara haɗuwa da dusar ƙanƙara. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sanyi ya yi wa sojojin da Faransa ta kwasa daga yankin illa ƙwarai, har ta kai ana janye su zuwa sansanonin Fréjus a kudu in hunturu ya shigo. A Nijar, dutse mafi tsawo, Idoukal-n-Taghès na Bagzan, mita 2,022 ne. Ruwa kan daskare a Ayar a daren hunturu, amma babu dusar da za a yi zamiya a kai.

Wurin hutun zamiya mafi kusa da Sahel yana duwatsun Atlas. Oukaïmeden ta Maroko, wajen kilomita 75 kudu da Marrakesh, tana mita 2,600 sama da teku, kujerun hawanta na kaiwa sama da mita 3,200. Faransawa ne suka fara zamiya a wurin a shekarun 1930, kuma mutanen ƙauyukan kewaye ne ke ba da hayar kaya, suna koyarwa, suna ɗaukar baƙi a kan alfadarai. Aljeriya na da Chréa kusa da Blida da kuma Tikjda. A kudu akwai Afriski a Lesoto, sama da mita 3,000, inda lokacin wasa ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. A Masar an buɗe zauren ƙanƙara na cikin gini kusa da Alƙahira a 2017.

'Yan wasan Afirka ta kudu da Sahara kusan duk a waje suka koya. Lamine Guèye ya kafa hukumar wasan ta Senegal a 1979, ya shiga Olamfik ta Sarajevo a 1984. Philip Boit na Kenya, ɗan tseren ƙafa da aka horar a Finlan, ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10 a Nagano a 1998, kuma wanda ya ci tseren, Bjørn Dæhlie, ya tsaya jiransa a bakin layi. Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana da girmansa ya koya, a wani zauren ƙanƙara na Milton Keynes a Ingila inda yake aiki, ya kai ga Olamfik ta Vancouver a 2010. Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a yankin Alps na Faransa, ya wakilci Najeriya a Beijin a 2022. Har zuwa wannan gasa Nijar ba ta taɓa shiga Olamfik ta hunturu ba.

Halin da ake ciki

Babbar barazana ga sana'ar a yau ita ce ɗumamar yanayi. Hunturu na gajarcewa a wurare masu ƙarancin tsawo, kuma a nan ne ƙananan gangara masu araha suke, inda yaran yanki da masu ƙaramin ƙarfi ke fara koyo. Injin yin dusar ƙanƙara, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1950, yana fesa ruwa da iska mai ƙarfi cikin sanyi, kuma manyan wurare sun dogara da shi matuƙa. Sai dai yana shan ruwa da lantarki masu yawa, ba ya kuma aiki in sanyin bai kai na daskarewa ba. A Bolibiya ƙanƙarar Chacaltaya, wadda a da ke ɗauke da wurin zamiya mafi tsawo a duniya, ta narke ƙaf a 2009. A Faransa hukumomin gari sun rufe La Sambuy ta Haute-Savoie a 2023 saboda ƙarancin dusa da asarar kuɗi. Koyarwa na ƙara tattaruwa a manyan garuruwan hutu na can sama masu tsada da kuma zaurukan cikin gini, ƙananan wurare kuwa na karkata ga hawan keke da yawon ƙafa da bazara don cike giɓin da gajeren hunturu ya bari.